Amsoshin Wasiƙunku: Wai Ana Maganin Matsalar Kwanciyar Aure Da Baki Kawai?

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun taru a kan magana guda, waɗansu daga manoma, waɗansu daga 'yan kasuwa, har da na matan aure, kuma kusan kowa ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu. Mun karɓi wannan roƙo. Tambayar dai in an dunƙule ta ita ce: wai da gaske ne a asibiti akwai masu maganin matsalar kwanciyar aure ta hanyar zantawa, ba allura ba ƙwaya? In kuwa haka ne, me ya haɗa wannan da likitan ƙwaƙwalwa, alhali mutum da hankalinsa garau?

To, malam, da gaske ne. Fanni ne daga cikin fannonin kiwon lafiya, kuma abin da yake dubawa shi ne abin da kuka zayyana a wasiƙunku: raunin gaba ga namiji, saurin kawowa, ɗaukewar sha'awa ga miji ko mata, da jin zafi ga mace lokacin saduwa. Tun da fari bari mu kawar da wani zato. Mai wannan aiki ba ya taɓa jikin kowa, ba a tuɓe riga a ofishinsa, ba a kuma yin komai a gabansa. Zama ne a kujera, tambaya da amsa, sannan ya ba ma'aurata aikin da za su je su yi a ɗakinsu su kaɗai. In ana bukatar duba jiki, wannan aikin likita ne daban, mace kuma tana iya neman mace 'yar'uwarta ta duba ta. Duk wanda ya ce sai ya keɓe da matarka kafin magani ya ci, macuci ne, a guje shi.

Daga ina abin ya samo asali?

Wani likitan mata a birnin St. Louis na ƙasar Amurka, William Masters, da abokiyar aikinsa Virginia Johnson, su ne suka kafa harsashin wannan fanni. Sun fara bincike tare a 1957, a 1970 kuma suka fitar da littafin da ya bayyana yadda suke yi wa ma'aurata magani cikin mako biyu. Babban abin da suka zo da shi shi ne cewa ba miji kaɗai ko mata kaɗai ake yi wa magani ba, su biyun ake haɗawa, don kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1974 wata likitar ƙwaƙwalwa a birnin New York, Helen Kaplan, ta haɗa wannan hanya da sauran dabarun kula da lafiyar zuciya da tunani, daga baya kuma ta nuna cewa rashin sha'awa matsala ce mai zaman kanta. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta daina raba waɗannan matsaloli gida biyu, wai wannan ta jiki ce waccan ta tunani, domin sau da yawa tare suke tafiya.

Yadda tsoro ke kashe jiki

Ka sani, ɗan'uwa, gaban namiji ba ya miƙewa sai jini ya cika shi, jinin kuma ba ya shiga sai hanyoyinsa sun saki, umarnin sakin nan kuwa daga ƙwaƙwalwa yake zuwa. To ka tuna yadda jikinka ke yi in ka ɗaga dami a gona ka ga maciji a ƙarƙashi: zuciya ta buga, baki ya bushe, jiki ya ɗaure don gudu. Mutumin da ya shiga ɗaki yana fargabar zai kasa, irin wannan hali jikinsa ke shiga, hanyoyin jinin nan su tsuke.

Galibi ga yadda abin ke farawa. Mutum ya wuni yana noma ko ya kwana a hanyar kasuwa, ga bashin taki, ga kuɗin makarantar yara, sai dare ɗaya jiki ya ƙi. Wannan ba ciwo ba ne, yana samun kusan kowane namiji. Amma sai ya kwana da abin a rai. Washegari maimakon hankalinsa ya koma kan iyalinsa, sai ya tsaya yana gadin kansa, zai yi ko ba zai yi ba. Tsoro ya kawo kasawa, kasawa ta ƙara tsoro. Ita kuma matar, da yake ba wanda ya ce mata uffan, sai ta ɗauka an daina sonta ko akwai wata a waje.

Akwai alamar da likitoci kan tambaya. In gaba yana miƙewa da asuba ko cikin barci, amma sai an zo kwanciya ya kwanta, to akwai alamar hanyoyin jini lafiya lau suke, matsalar ta fi karkata ga tunani. Haka ma mai mata biyu da yake lafiya a ɗaki ɗaya, ɗaya ɗakin kuwa shiru. A nan ne akan ce kishiya ta yi asiri, gida ya rikice, wani lokaci har a kai ga saki. Alhali kuwa sau da yawa wata tsohuwar rigima ce da ba a kashe ba, ko gori da aka taɓa yi masa, ko tsoron kada amarya ta raina shi.

Alaƙarsa da lafiyar ƙwaƙwalwa

Hanyar biyu ce, da zuwa da dawowa. Ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke hana barci da cin abinci, mutum ya daina jin daɗin komai, yakan ɗauke sha'awa tun da wuri. Ita ma matsalar shimfiɗa in ta daɗe tana jefa mutum cikin damuwar, ya riƙa ganin kansa ba namiji ba, ya zama mai faɗa a gida ko ya ƙaurace wa mutane. Macen da aka taɓa yi wa fyaɗe, ko wadda ta sha azaba a daren farko, jikinta kan riƙe wannan tsoro shekara da shekaru.

Daɗin daɗawa, waɗansu magungunan damuwa da na taɓin hankali, da ma waɗansu na hawan jini, suna rage sha'awa ko ƙarfin gaba. Mutane da yawa kan daina sha a ɓoye saboda haka, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Kada ka yi haka. Gaya wa likita, yana iya rage maka ko ya sauya wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai kuma tiramadol da waɗansu ke sha don ƙarfin noma ko don su daɗe a kwanciya. Da fari kamar yana taimako, amma daga baya yakan kashe sha'awar, ya kama mutum ya kasa bari, har yakan jawo farfaɗiya. Giya da taba su ma suna raunana gaba.

Yadda maganin ke tafiya

Na farko, a duba jiki. A auna suga da hawan jini, don ciwon suga na lalata jijiyoyi da hanyoyin jinin gaba. Ga wanda ya fara manyanta, raunin gaba kan zama gargaɗin ciwon zuciya tun kafin ya bayyana. Saboda haka kada a tsaya ana cewa basir ne ko sanyi ne ba tare da awo ba.

Na biyu, zantawa. Za a tambaye ka yaushe abin ya fara, me ke faruwa a gida a lokacin, yaya zamanku yake. Akan ji ta bakin kowa shi kaɗai, sannan a haɗa ku. A nan ake gyara kurakuran fahimta, kamar zaton cewa namiji na gaske sai ya kai awa guda, alhali ga yawancin maza lafiyayyu 'yan mintoci ne.

Na uku, aikin gida. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, akan fara da hana ma'aurata saduwa na ɗan lokaci. Sai dai su keɓe, su yi hira, su taɓa juna cikin natsuwa ba tare da neman kaiwa ko'ina ba. Da yake ba jarrabawar da za a faɗi, sai tsoro ya kwanta, jiki ya dawo da kansa, sannan a riƙa ƙarawa mataki-mataki. Ga mai saurin kawowa akwai dabarar da wani likita, James Semans, ya bayyana a 1956: in ya ji ya kusa sai ya dakata har abin ya lafa, sannan ya ci gaba, ana maimaitawa har ya koyi riƙe kansa. Abin na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, amma sannu ba ta hana zuwa. In likita ya ga da bukata, yakan haɗa da magani.

Ke kuma 'yar'uwa

Jin zafi ba abin haƙuri ba ne. Yana iya zama daga ciwon sanyi, ko tabon ɗinkin haihuwa, ko yankan gishiri, ko tsargiya ga masu shiga ruwan fadama, ko bushewar gaba lokacin shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada. Akwai kuma wadda naman bakin gabanta ke tsukewa da kansa da zarar miji ya kusato, ba da son ranta ba. Akan ce taurin kai ne ko aljani ya aure ta, alhali matsala ce da likitoci suka sani, kuma tana jin magani ta hanyar koya wa jiki saki a hankali. Maigida, tilastawa ƙara ta take yi.

Maganin kasuwa fa?

Kun san masu lasifika a tasha da ranar kasuwa. Ƙwayar Viagra, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1998, magani ne na gaskiya, amma taimaka wa jini take yi, ba ta kawo sha'awa, ba ta kuma sasanta ma'aurata. Ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, haɗa su na iya faɗar da jini har a rasa rai. An sha gano sinadarin wannan ƙwaya a ɓoye cikin abin da ake tallarsa da sunan maganin gargajiya, ba a san yawansa ba. Wanda gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, musamman mai sikila, ya garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Mata kuma a yi hattara da cushe-cushen kayan mata, suna jawo ƙuna da ciwo.

Ina za a dosa?

Gaskiya ƙwararrun da suka keɓanta da wannan fanni ba su da yawa a ƙasashenmu. Amma ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai, a yi awon suga da jini, ka faɗa wa likita damuwarka ba kwana-kwana. In da bukata zai tura ka wurin likitan mafitsara, ko na mata, ko na ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zuwa can ba ya nufin hauka, masu rashin barci da masu damuwa ma can suke zuwa, kuma aikin likita ne ya riƙe sirrinka.

Kafin ka hau mota dai, ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo: ka zaunar da iyalinka, ba a kan shimfiɗa ba, ka gaya mata abin da ke damunka, ka kuma saurari nata. In hali ya yi, ku tafi asibitin tare. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.