Lakabin Kamfani A Kasuwar Hannun Jari

A kasuwar hannun jari ta Ikko, kowane kamfani da gajeren lakabinsa. Simintin Dangote DANGCEM ne, sukarinsa kuwa DANGSUGAR. Masu rubuta kundin sani na Wikipedia sukan fara sa sunan kasuwa, sa'an nan lakabin, kamar NGX: DANGCEM, su haɗa shi da shafin kasuwar don mai karatu ya duba da kansa.

Wannan ba ƙaƙale ba ne. A 2020, mutane da yawa a Amurka suka sayi ZOOM, suna zaton kamfanin hira ta bidiyo ne, alhali lakabinsa ZM. Har hukuma ta dakatar da cinikin. Kama da wane ba wane ba ne. Mai sayen hannun jari ya duba lakabi kafin ya zuba kuɗinsa.