Hoton AI: Gyara Ɗaya Bayan Ɗaya

A Nasarawa da ke kudancin kogin Kaduna, mu ɗalibai mukan haɗa hoton sanarwar walima a waya. Tun Afrilun 2024 Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya, yana zana abin da aka rubuta masa.

Sai dai zanen farko bai cika dacewa ba. A nemi ɗalibar Kaduna, ya kawo ta da shigar Larabawa. To, mu gyara abu guda: atamfa da hijabi. Sannan bango, sannan haske. In muka canja uku lokaci ɗaya, ba za mu gane wanne ya yi aiki ba, ga data na ƙarewa.

Rubutun kuwa mu ɗora da kanmu, domin yakan hargitsa ƙ, ɗ da ɓ, har sunan makaranta ya fito a karkace.