Idan Ruwan Wankin Ƙoda Ya Gurɓace

Daga cikin hikimomin da Allah Ya sanar da likitocin wannan zamani akwai gano cewa tantanin da ya lulluɓe kayan ciki yana iya tsayawa a madadin ƙodar da ta gaza, ta yadda za a dasa wa majinyaci siririn bututu a ciki, irin wanda wani likita mai suna Tenckhoff ya kyautata a 1968, majinyacin ya riƙa ɗura ruwan magani kimanin lita 2 yana zubarwa sau uku ko huɗu a yini, yana zaune a ɗakinsa. Sai dai ƙofar da ruwa ke shiga, ta nan ƙwayoyin cuta ke kutsawa, galibi daga hannun da bai wanku ba, su kumbura tantanin.

Alamar farko a jakar zubarwa take bayyana: ruwan da ya saba fitowa garau, har ana karanta rubutu ta bayansa, sai ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ciwon ciki ko zazzaɓi su biyo baya. Wajibi ne majinyaci ya ɗauki jakar nan ya nufi asibiti a ranar, domin idan aka auna aka tarar fararen ƙwayoyin jini sun haura 100 a kowace maikrolita, kuma fiye da rabinsu irin masu gaggawar yaƙar cuta ne, hujja ta tsayu.

Likita ba ya jiran sakamakon shukar ƙwayoyin, wanda kan ɗauki kwanaki, alhali jinkiri illa ne. Yakan haɗa magani biyu, kamar vancomycin ko cefazolin tare da ceftazidime ko gentamicin, ya zuba su cikin ruwan wankin kansa, a bar shi a ciki aƙalla awa 6. In an gane ainihin ƙwayar, sai a taƙaita ga wanda ya dace da ita, a ci gaba mako 2 ko 3, ko da ruwan ya washe tun da wuri, kuma a nan ne, a ganina, gajen haƙuri ya fi cutar da mutane.

Amma idan kwana 5 suka shuɗe ba sauƙi, ko kuwa ƙwayar ta kasance dangin funfuna ce, hukuncin masana shi ne a cire bututun, a mayar da majinyaci kan injin wankin jini na ɗan lokaci, saboda ana iya dasa wani bututun daga baya, tantanin kuwa in ya yi tabo ya daina tacewa.