Wane Irin CV Ya Dace Da Kai?



A wannan makon, mu 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku bayani a kan CV. Wataƙila wani ya ce, "Ku da ko jarrabawar aji uku ba ku zana ba, ina ruwanku da takardar neman aiki?" To, ga abin da ya jawo maganar.

Yayan ɗaya daga cikinmu ya gama babbar sakandare bara. Tun yana aji ɗaya na babbar sakandare yake zuwa shagon kawunsa koyon gyaran waya a duk lokacin hutu. Da ya ji ana neman yaron shago a wani babban kantin sayar da waya, sai ya tafi shagon kwamfuta a buga masa CV. Mai shagon ya buɗo ta wani, ya goge sunan, ya sa nasa. Da suka zo wurin da ake rubuta ayyukan da mutum ya taɓa yi, sai ya tambaye shi, "Ka taɓa aiki a ofis?" Ya ce a'a. Sai aka rubuta "babu". Shekara uku na riƙe sukudireba da canza gilashin waya duk suka tafi a banza. Ya kai takarda, har yau shiru.

Da muka kai wa malaminmu na Turanci labarin, sai ya ce ai ba yaron ne ba shi da abin faɗa ba, tsarin da aka zaɓa masa ne bai dace da shi ba. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, mu kuma muka ga ya kamata kowa ya ji.

Mece ce CV?

CV takarda ce da mutum yake rubuta taƙaitaccen tarihinsa: sunansa, karatunsa, aikin da ya yi da abin da ya iya. Haruffan biyu sun fito ne daga wasu kalmomin harshen Latin masu nufin tafiyar rayuwa. Ba wajen neman aiki kaɗai ake buƙatar ta ba. Ana iya neman ta wajen tallafin karatu ko shiga shirin koyon sana'a. Mai karanta ta yakan kasance da tulin takardu a gabansa, ba zai daɗe a kan taka ba. Saboda haka abin da ka fi ƙarfi a kai shi ya kamata ya fara gani. Tsari uku aka fi sani, kuma yawan aikin da ka taɓa yi shi zai nuna maka naka.

Na ɗaya: tsarin bin shekaru

A nan ana jera ayyukan da mutum ya yi, a fara da na baya-bayan nan, a gangara zuwa na farko. Kowane aiki a rubuta sunan wurin, matsayin da aka riƙe, shekarar farawa da ta gamawa, da abu biyu ko uku da aka yi a can. Wannan shi ne wanda masu ɗaukar aiki suka fi sabawa da shi, shi ne kuma wanda masu shagon kwamfuta suke buga wa kowa.

Ya dace da wanda yake da ayyuka a jere. Misali, yayarmu da ta yi kwalejin kimiyya da fasaha ta je horon SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama karatu. Daga baya ta yi bautar ƙasa ta shekara ɗaya a ƙarƙashin NYSC, wadda ita ma a 1973 aka kafa ta. Haka ɗalibin NCE da ya yi koyarwar gwaji a wata firamare. Irin waɗannan suna da abin jerawa.

Matsalarsa ita ce ba ya rufa asiri. In ba ka da aiki ko ɗaya, fili zai fito fari fat a tsakiyar takarda. In kuma ka yi shekara biyu a zaune, mai karatu zai gani nan take.

Na biyu: tsarin abin da ka iya

Wannan shi ne na yawancinmu. Maimakon a fara da wuraren aiki, sai a fara da ƙwarewa. Ka zaɓi abu uku ko huɗu da ka iya, a ƙarƙashin kowanne ka kawo hujja. Bayan haka sai karatu ya biyo: makarantar da ka yi, shekara, da sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB in ka zana.

Kada ka ce ba ka iya komai ba. Wadda take riƙe wa mahaifiyarta littafin bashi a sana'ar ƙuli-ƙuli ta san lissafin kuɗi. Wanda yake tsaron shagon babansa ranar Asabar ya san yadda ake tarbar mai saye. Monita da shugaban ɗalibai sun san jagoranci. 'Yan ƙungiyar muhawara sun iya magana a gaban jama'a. Mu 'yan jarida muna tattara labari, mu rubuta, mu liƙa a kan lokaci.

Amma a kula. In ka rubuta "ina da ƙwazo" kawai, ba ka ce komai ba, don kowa haka yake cewa. Gara ka rubuta, "Na riƙe kuɗin ƙungiyar ajinmu na zango uku, kuma na ba da lissafi a ƙarshen kowane zango." Wasu masu ɗaukar aiki suna zargin wannan tsarin, suna ganin kamar ana ɓoye wani abu ne. Maganin zargin shi ne ka faɗi inda ka yi abin da kuma lokacin da ka yi shi.

Na uku: tsarin haɗaka

Shi wannan ya ɗebo daga biyun farko. A sama a sa gajeren jerin ƙwarewa, a ƙasa a jera ɗan aikin da aka yi da shekarunsa. Ya dace da wanda yake da ɗan abin nunawa amma bai kai ya cika shafi ba, kamar mai koyon ɗinki, mai aikin hutu, ko wanda ya yi aikin sa kai a asibiti ko ƙungiyar agaji.

Da shi malaminmu ya sake rubuta wa yayan abokinmu tasa. A sama aka sa: canza gilashi da batirin waya, sa manhaja, da yi wa mai saye bayani da Hausa da Turanci. A ƙasa aka sa: ɗan koyo a shagon gyaran waya, lokutan hutu, shekara uku. Sai karatunsa. Ba a ƙara ƙarya ko ɗaya ba, amma sai ka ce ba mutum ɗaya ba ne. Ya kai ta wani kantin, sun kira shi sun yi masa tambayoyi, yanzu yana jiran amsa. Muna yi masa fatan alheri.

Yaya za ka zaɓa?

Ɗauki takarda ka rubuta duk aikin da ka taɓa yi, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Sannan ka duba:

In babu ko ɗaya sai ayyukan makaranta da na gida, ɗauki tsarin abin da ka iya.

In akwai ɗaya ko biyu, kamar koyon sana'a ko aikin hutu, ɗauki tsarin haɗaka.

In akwai da yawa a jere, kuma sun yi kama da aikin da kake nema, ɗauki tsarin bin shekaru.

Abin da bai canzawa

Ko wanne ka zaɓa, sunanka da lambar waya mai shiga su ne a sama. In kana da imel, ya zama da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suke kiran ka da shi ba. Shafi ɗaya ya ishi ɗalibi. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a takardun jarrabawarka. Kafin ka sa malami ko maigidanka a cikin masu ba da shaida a kanka, ka nemi izininsa. Ka ba wani ya karanta maka saboda kuskuren rubutu. Kuma kada ka rubuta abin da ba ka iya ba. In ka ce ka iya kwamfuta, za a iya ajiye ta a gabanka a ce bismilla. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kira gare mu duka

'Yan uwa na ƙaramar sakandare, aikinmu yanzu karatu ne, ba neman aiki ba. Amma da sanyin safiya ake kama fara. Kowa ya ware 'yan shafuka a bayan wani littafi, ya riƙa rubuta muƙamin da ya riƙe, gasar da ya shiga da sana'ar da ya koya, tare da wata da shekara. Takardun yabo kuma a adana su a leda, kada ruwa ko gara su ci.

Yayyenmu 'yan aji shida, kafin ku je shagon kwamfuta, ku rubuta taku da hannu a gida, ku faɗa wa mai bugawa tsarin da kuke so.

Malamanmu kuma muna roƙon a ware mana darasi ko da ɗaya ne a zango, kowa ya gwada rubuta tasa a duba masa. Wanda yake son ganin samfurin tsarin ukun, ya same mu ranar taron ƙungiya bayan an tashi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.