Yadda Ake Kafa Kwamfuta A Cikin Kwamfuta Ta Hanyar Rubuta Umarni

Sau da yawa ma'aikaci kan so ya gwada sabuwar manhaja, amma yana fargabar kada ta lalata masa takardun ofis. Maganin wannan shi ne a kafa kwamfutar kwaikwayo a cikin ta ainihi, wadda ko ta lalace ɓarnar ba za ta taɓa uwar ba. Daga cikin manhajojin da ake wannan aiki da su akwai VirtualBox, wadda kamfanin Innotek na ƙasar Jamus ya fitar a shekarar 2007, ta kuma koma hannun Oracle a 2010.

Tun daga fitowa ta 6.1 a shekarar 2019, wajibi ne a kunna VT-x ko AMD-V a cikin BIOS, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba.

Da farko a raɗa mata suna, a ware mata ƙwaƙwalwa:

VBoxManage createvm --name Gwaji --ostype Ubuntu_64 --register
VBoxManage modifyvm Gwaji --memory 2048 --cpus 2

A kula da kalmar --register. Wanda ya manta da ita, manhajar za ta ce ba ta san Gwaji ba. Lissafin kuwa da megabait ake yinsa, wato 2048 gigabait 2 ke nan. Bai kamata a ba ta fiye da rabin ƙwaƙwalwar uwar ba, domin duk abin da aka ba ta daga jikin uwar ake yanka.

Daga nan sai ma'adana da faifan girkawa:

VBoxManage createmedium disk --filename Gwaji.vdi --size 20480
VBoxManage storagectl Gwaji --name SATA --add sata
VBoxManage storageattach Gwaji --storagectl SATA --port 0 --device 0 --type hdd --medium Gwaji.vdi
VBoxManage storageattach Gwaji --storagectl SATA --port 1 --device 0 --type dvddrive --medium ubuntu.iso

Ma'adanar ba ta cinye gigabait 20 nan take. Tana ƙara girma ne gwargwadon abin da aka zuba mata.

Sai a tayar da ita da VBoxManage startvm Gwaji.

Wani zai ce ai danna hotuna ya fi sauƙi. Haka ne ga mai kafa guda ɗaya. Jami'in da zai kafa goma kuwa, in ya adana waɗannan layuka a fayil guda, sauya suna kawai zai riƙa yi.