Allurar da ke haska ciwon daji, da abin da ta yi wa masu ciwon ƙoda

Wanda ya taɓa raka mara lafiya ɗakin hoton MRI, wataƙila ya ga lokacin da ma'aikaci ke dakatar da na'ura, ya ɗura wani ruwa garai-garai a jijiyar hannu, sannan a ci gaba. Ruwan nan yana ɗauke da ƙarfen da ake kira gadoliniyam. Da zarar ya bi jini ya kai inda ƙari yake, sai ƙarin ya yi fari fes a hoton, likita ya ga girmansa da iyakarsa. Tun 1988 ake amfani da shi, kuma ƙari da yawa a ƙwaƙwalwa da hanta da nono, da shi aka gano su tun da sauran dama.

Gadoliniyam tsuransa guba ne. Shi ya sa ake ɗaure shi da wani sinadari da zai riƙe shi har ƙoda ta tace, ya fita a fitsari. A jikin mai lafiya, rabinsa kan fita cikin awa ɗaya da rabi. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa, sai ya haura awa 30 rabin bai fita ba. Zaman nan da yake yi a jiki shi ke ba ɗaurin damar kwancewa.

A 1997 likitoci a San Diyego ta Amurka suka fara ganin wata baƙuwar cuta a jikin masu ciwon ƙoda. Fatar ƙafa da hannu ta kumbura, ta yi kauri, ta sandare kamar icce, har mutum ya kasa miƙe gwiwa ko dunƙule yatsu. Wasu suka koma keken guragu, wasu kuma abin ya kai ga zuciya da huhu. A 2000 Shawn Cowper da abokan aikinsa suka bayyana ta a mujallar Lancet, daga baya aka san ta da NSF. Shekaru suka shuɗe ana laluben sanadi.

Sai a 2006 wani likitan ƙoda a Ostiriya, Thomas Grobner, ya lura da abin da ke gaban kowa. Cikin marasa lafiyarsa tara masu wankin ƙoda da aka yi wa hoto da wannan allura, biyar fatarsu ta fara sandarewa bayan mako biyu zuwa huɗu. Mutum tara ba yawa ba ne a ma'aunin bincike, amma ya haɗa lokacin da cutar ta fara da lokacin da aka yi musu allurar. Wannan ne ya fi burge ni a labarin. A shekarar ce likitocin Danmak suka ba da rahoton wasu 13, duk da tarihi iri ɗaya.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan allurar a 2007, a 2010 kuma ta hana amfani da nau'o'inta uku, Omniscan da Magnevist da OptiMARK, ga masu ciwon ƙoda mai tsanani. Aka koma ga nau'o'in da suka fi riƙe ƙarfen gam, wasunsu kamar keji suke kewaye shi. Wani nazari da aka buga a 2020 ya tattara masu ciwon ƙoda mai tsanani 4,931 da aka yi wa irin waɗannan, ba a samu ko ɗaya da cutar ta kama ba.

Don haka ba na so tsoro ya hana mai ciwon daji hoton da zai ceci ransa. Damuwata ita ce ciwon ƙoda ba ya sallama. Mai hawan jini ko ciwon suga kan yi shekaru ƙodarsa na lalacewa bai ji komai ba. Idan aka rubuta maka ko wani naka hoton MRI mai allura, ka faɗa wa likita duk ciwon da kake fama da shi, ka nemi a yi gwajin jini na ƙoda tukuna, ka kuma tambayi sunan ruwan da za a ɗura.