Batirin kwamfutar hannu: yadda ake gano laifi in na'ura ta ƙi tashi ko ta ƙi caji

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba wata matsala da ke damun ɗalibbai da malumai, watau kwamfutar hannu, wadda wasu ke kira ordinatar, ta ƙi tashi, ko kuwa ta tashi amma batirinta ya ƙi ɗaukar caji. Wanda abin ya taɓa samu ana saura mako guda ya miƙa kundinsa ya san ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Galibi sai mutum ya ruga kasuwa ya sayo sabon batir, alhali kuwa laifin na caja ne ko na bakin da ake soka ta. Don haka za mu bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko ya kamata mu san abin da ke cikin batirin. Kusan duk kwamfutocin hannu na yau da batirin lithiyom suke aiki, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. A 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Abin da muke kira batir ba ƙwaya ɗaya ba ce, ƙwayoyi ne aka haɗa. A tsofaffin na'urori ƙwayoyin dogaye ne, ana ce musu 18650 don kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowace ƙwaya tana ba da volt 3,6 ko 3,7, in ta cika ta kai 4,2. In aka jera uku sai a samu 10,8 ko 11,1, lambar da muke gani rubuce a bayan batir ke nan. Tare da ƙwayoyin akwai wani ɗan allo mai tsaro, shi ke lura da zafi da ƙarfin kowace ƙwaya, yana kuma magana da kwamfuta. In ƙwaya ɗaya tak ta faɗi ƙasa ainun, kamar ƙasa da volt 2,5, allon nan na iya rufe hanya baki ɗaya. Shi ya sa na'urar da aka aje wata da watanni batirinta babu kome ciki takan ƙi caji, ko da ba a taɓa yi mata mugun riƙo ba.

Gwaji na farko shi ne na kuran da caja. Mu canza wurin jonawa a bango, mu duba ko ƴar fitilar caja ta kama. In akwai na'urar awon lantarki sai mu auna: yawancin cajoji suna fitar da volt 19, ko 19,5, ko 20, kuma an rubuta adadin a jikinsu. A nan sai an yi hattara. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wuta ba, ita ke shaida wa kwamfuta irin cajar da ƙarfinta. In ta karye ko ta lanƙwashe, na'ura na iya tashi ta yi aiki amma ta ƙi cajin batir, wani lokaci ma ta rage gudu. Wajen awo kada a bari ƙarfen awon ya haɗa allurar da bangon cikin bakin, don nan ne wutar take. Haka nan cajar wat 45 ba ta isar na'urar da ke neman 65 ko 90, kuma cajar wayar salula, ko da bakinta na USB-C ya shiga daidai, sau da yawa ba ta kai ƙarfin da ake bukata.

Gwaji na biyu shi ne wanda a ganinmu ya fi kowane amfani, kuma ba ya cin ko dala. Mu cire caja, mu cire batir, mu danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don sauran wutar da ta maƙale a ciki ta tsiyaye. Sa'an nan mu jona caja kaɗai, ba batir, mu kunna. In ta tashi, to caja da babban allon na'ura lafiya suke, zargi ya koma kan batir. Sai mu kashe, mu maida shi: in ta koma aiki da caji, dama allon ne ya rikice kuma ya warware, in ta sake ƙin tashi, batirin ne ke jawo ta ƙasa. In kuwa ko da caja kaɗai ba ta motsa ba, sayen batir asarar kuɗi ce, sai a duba bakin caji, wanda yakan saki saboda yawan fizgar waya, ko a kai wa mai gyara. Na'urorin da batirinsu ke rufe a ciki sai an kwance bayansu. Wasu, kamar ThinkPad da yawa, suna da ɗan rami a ƙasa da ake soka tsinke don a katse batirin na ɗan lokaci.

Akwai kuma ƙaramin batir mai kama da kwabo, galibi CR2032 mai volt 3, wanda ke riƙe agogo. In na'ura tana manta kwanan wata duk sa'ad da aka kashe ta, shi ne ya mutu.

In na'ura tana tashi amma batir ya tsaya a kashi 60 ko 80 cikin 100, kada a yi saurin yanke masa hukunci. Kamfanoni da dama sun sa wani tsari da ke tsaida caji nan da gangan don batir ya daɗe, ana kuma iya kashe shi. Don sanin gaskiyar lafiyarsa, a Windows sai a rubuta umurnin powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya koma rabi, tsufa ne, babu magani. Akan ƙiyasta cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili.

Zafi kuwa yana gaggauta wannan tsufa, kuma a nan ne namu ya bambanta da na wasu ƙasashe. Ba a so a yi wa ƙwayar lithiyom caji in zafinta ya wuce digiri 45, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa yakan haura 40 a Yamai da Tawa. In aka ɗora na'ura bisa katifa, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe mata mashaƙar iska, allon tsaro zai dakatar da caji har ta huce. Mun sha ganin na'urar da aka ce ta mutu da azahar ta ɗauki caji lami lafiya bayan isha'i.

Abu guda ne ba a yi masa gwaji: batirin da ya kumbura. Alamarsa ita ce wurin shafa yatsa ya ɗago, ko bayan na'ura ya buɗe. Iska ce ta taru ciki saboda ruwan ƙwayoyin ya lalace, kuma yana iya kama wuta. A 2006 kamfanin Dell ya janye batir miliyon 4,1 saboda haɗarin gobara. Irin wannan batir a daina yi masa caji nan take, kada a huda shi, kada a danne shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. A cire shi a hankali, a aje shi cikin tukunyar ƙasa mai rairayi, a inuwa, nesa da yara, a ci gaba da aiki da caja kaɗai kafin a samu wani.